Wilhelm Konrad Rontgen (1845–1923): Rayuwarsa da Asalin Sana'ar Ɗaukar Hoton Asibiti

Gabatarwa

A ƙasar Haɗeja, musamman garuruwan fadama irin su Kirikasamma, inda noman shinkafa da su da kiwo suka zama ginshiƙin rayuwar jama'a, karaya da targaɗe ba baƙin abubuwa ba ne. Manomi kan faɗo daga amalanke, matashi kan kife da babur, makiyayi kan gamu da ƙahon sa. A zamanin da, maɗori ne kaɗai abin dogaro, shi kuwa da yatsunsa yake lalube har ya gane inda ƙashi ya goce. A yau kuwa, in ciwo ya yi tsanani, akan ɗauki majinyaci zuwa Haɗeja, ko Dutse, ko Kano, inda likita zai ce a fara yin hoto tukuna. Wannan hoto, wanda jama'a ke kira hoton ƙashi ko hoton ƙirji, ma'aikatan asibiti kuma suke ce masa eksire, yana da asali, kuma yana da mutumin da aka fara saninsa ta hannunsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta kawo tarihin wannan mutum, wato Wilhelm Konrad Rontgen, masanin kimiyyar fiziks na ƙasar Jamus, ta kuma nuna yadda halayensa guda biyu, natsuwa wajen aiki da rashin kwaɗayin mallaka, suka zama harsashin wata sana'a wadda yankinmu yake da matuƙar bukatar masu yinta.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Rontgen ran 27 ga Maris, 1845, a wani ƙaramin gari mai suna Lennep a yammacin Jamus. Mahaifinsa, Friedrich Konrad, ɗan kasuwa ne mai harkar yadi, mahaifiyarsa kuwa, Charlotte Frowein, daga birnin Amsterdam na ƙasar Holan aka auro ta. Shi kaɗai suka haifa. Yana da shekara 3 iyayensa suka yi ƙaura zuwa garin Apeldoorn a ƙasar Holan, a can ne ya tashi ya yi karatun farko. Ba a san shi da wata fitacciyar basira a aji ba, sai dai yaro ne mai son yawo cikin daji da kuma ƙere-ƙere da hannunsa.

A shekarar 1862 aka sa shi makarantar koyon fasaha ta birnin Utrecht. A nan ne wani al'amari ya faru wanda ya kusa toshe masa hanyar ilimi baki ɗaya. Masu tarihinsa sun ruwaito cewa wani ɗalibi ne ya zana hoton wani malami don ba'a, aka tuhumi Rontgen, shi kuwa ya ƙi faɗin sunan wanda ya yi zanen, saboda haka aka kore shi kafin ya kammala. Korar ta hana shi samun takardar shaidar gama sakandare, wadda in babu ita jami'o'in Holan da na Jamus ba su ɗaukar ɗalibi. A 1865 ya riƙa zama a azuzuwan Jami'ar Utrecht yana sauraro kawai, ba tare da an rubuta sunansa cikin cikakkun ɗalibai ba.

A ƙarshen wannan shekara ya sami labarin cewa babbar makarantar fasaha ta birnin Zurich, a ƙasar Suwizalan, ba ta sharɗanta wannan takarda ba. Ya tafi can aka karɓe shi, ya karanta aikin injiniya, ya gama a 1868. Shekara guda bayan haka, wato 1869, ya sami digirin dakta daga Jami'ar Zurich da wani bincike a kan nau'o'in iskar gas.

Aure da Koyarwa

Abubuwa biyu ya samu a Zurich waɗanda suka bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Na farko shi ne malaminsa, Farfesa August Kundt, wanda ya lura da tsaftar aikinsa a ɗakin gwaji, ya janyo shi daga injiniya zuwa fiziks, ya kuma ɗauke shi mataimaki. Na biyu ita ce Anna Bertha Ludwig, 'yar wani mai gidan abinci da ɗalibai ke zuwa, wadda ya aura a watan Janairu na 1872. Ba su sami haihuwa ba, amma a 1887 suka ɗauki riƙon Josephine, 'yar ɗan'uwan Anna, tana da shekara 6, suka rene ta tamkar tasu.

Rontgen ya bi Kundt zuwa Jami'ar Wurzburg a 1870. A nan ma tsohon tabon nan ya sake tasowa, domin hukumar jami'ar ta ƙi ba shi izinin zama cikakken malami saboda rashin takardar sakandare. Da Kundt ya koma Jami'ar Strasbourg a 1872, sai suka tafi tare, a can ne ya sami izinin koyarwa a 1874. Daga nan ya yi ta ci gaba: ya koyar a kwalejin aikin gona ta Hohenheim a 1875, ya komo Strasbourg a 1876, ya zama farfesa a Jami'ar Giessen a 1879. A 1888 Jami'ar Wurzburg, wadda ta taɓa juya masa baya, ta aiko tana neman ya zo ya shugabanci sashenta na fiziks, har a 1894 aka zaɓe shi shugaban jami'ar. Mahakurci mawadaci, in ji Bahaushe.

Cikin waɗannan shekaru ya yi bincike a kan zafin iskar gas, da halayen duwatsu masu ƙyalli, da yadda ruwa ke matsuwa in an danne shi, da dangantakar lantarki da maganaɗisu. Abokan aikinsa sun san shi da ƙarancin magana, da haɗa kayan gwajinsa da kansa, da kuma ƙin buga sakamako sai ya maimaita gwaji sau da yawa. Ɗalibai ba su cika jin daɗin laccarsa ba, domin muryarsa ƙasa-ƙasa take, ga shi kuma da tsanani a jarrabawa. Har ya kai shekara 50 sunansa bai wuce da'irar masana ba.

Gano Sabon Haske

A wancan lokaci masana da yawa a Turai sun duƙufa kan wani gwaji guda. Akan sami kwalbar gilashi a zuƙe iskar da ke cikinta, a liƙa mata wayoyi biyu, a tura lantarki mai ƙarfi. Sai wani irin haske, wanda suka kira hasken katod, ya fito daga waya ɗaya ya doki bangon kwalbar. William Crookes a Ingila da Heinrich Hertz da Philipp Lenard a Jamus duk sun yi aiki a kan wannan, kuma an riga an tabbatar cewa hasken katod ba ya tafiya cikin iska sai 'yan santimita kaɗan.

Ran Juma'a, 8 ga Nuwamba, 1895, da yamma, Rontgen yana ɗakin gwajinsa a Wurzburg. Ya naɗe kwalbarsa da baƙin kwali ta yadda hasken da ido ke gani ba zai fita ba, ya duhunta ɗakin, ya kunna lantarki. Sai ya lura da wata takarda da ke ajiye can gefe, wadda aka shafa wa wani sinadari mai walƙiya, tana sheƙi. Da ya kashe lantarki sai sheƙin ya ɗauke, da ya kunna sai ya dawo. Nisan da ke tsakanin takardar da kwalbar ya fi ƙarfin hasken katod, kwalin kuma ya tare haske na yau da kullum. Ashe ke nan akwai wani abu dabam da ke fitowa daga kwalbar, yana ratsa kwali, ido kuma ba ya ganinsa.

Ya kamata mai karatu ya lura da cewa kwalabe irin wannan suna nan a ɗakunan gwaji da dama, kuma sun daɗe suna fitar da wannan haske. Akwai masanan da suka tarar farantan hotonsu sun lalace kusa da kwalbar, suka ɗauka aibin farantan ne. Abin da ya bambanta Rontgen shi ne ya tsaya ya bi diddigi. Mako bakwai ya yi yana aiki shi kaɗai, a wasu ranaku a ɗakin gwajin yake ci yake kwana, bai kuma gaya wa kowa abin da ya gani ba. Ya riƙa sa abubuwa iri-iri tsakanin kwalbar da takardar. Ya tarar hasken yana ratsa littafi mai shafi 1,000, yana ratsa katako mai kaurin santimita 2 zuwa 3, yana ratsa farantin alminiyam, amma darma mai kaurin milimita ɗaya da rabi takan tare shi kusan gaba ɗaya. Ya tarar yana tafiya a miƙe, maganaɗisu ba ya karkatar da shi, kuma yana baƙanta farantin ɗaukar hoto. Da ya sa hannunsa a gaban takardar sai ya ga inuwar ƙasusuwan yatsunsa cikin inuwar tsoka mai haske-haske. Tun da yake bai gane asalin hasken ba, sai ya laƙaba masa harafin X, wanda masu lissafi ke sa wa adadin da ake nema. Daga nan ne kalmar eksire ta samo asali.

Ran 22 ga Disamba ya kira matarsa, ta ɗora hannunta a kan farantin hoto na kimanin minti 15. Hoton da ya fito, mai nuna ƙasusuwan yatsunta da zoben da ke hannunta, shi ne ya zama mafi shahara cikin hotunan farko. Dalilin abin kuwa a bayyane yake a yau: ƙashi yana ƙunshe da sinadarin kalsiyam kuma ya fi tsoka nauyi, saboda haka ya fi ta shanye hasken. Shi ya sa a fim ɗin asibiti ƙashi ke fitowa fari, huhu mai cike da iska ya fito baƙi, tsoka kuma ta tsaya tsakani.

Yaɗuwar Labari

Ran 28 ga Disamba, 1895, ya miƙa taƙaitaccen rahotonsa ga ƙungiyar masana fiziks da likitanci ta Wurzburg, aka buga nan take. Ran 1 ga Janairu, 1896, ya aika wa abokansa masana da kofe tare da hotuna. Ran 5 ga watan wata jarida a birnin Vienna ta buga labarin a shafin farko, kafin mako biyu ya game Turai da Amurka ta hanyar tangaraho. A tsakiyar watan aka kira shi Balin ya nuna wa Sarkin Jamus, Wilhelm na Biyu. Ran 23 ga Janairu ya yi lacca a Wurzburg, inda ya ɗauki hoton hannun dattijon masanin ƙirar jiki, Albert von Kolliker, wanda ya ba da shawarar a riƙa kiran hasken da sunan Rontgen. Har yanzu da wannan suna Jamusawa da Rashawa ke kiransa. A cikin 1896 kaɗai an buga maƙalu fiye da 1,000 a kan wannan haske.

Likitoci ba su yi jinkiri ba. A watan Janairu na 1896 John Hall-Edwards, a birnin Birmingham, ya ɗauki hoton allurar da ta shige hannun mutum. A wannan shekara aka buɗe sashen hoto a babban asibitin Glasgow ƙarƙashin John Macintyre. A birnin Naples an yi amfani da hasken wajen nemo harsasai a jikin sojojin Italiya da suka komo da raunuka daga yaƙin Adwa na ƙasar Habasha. A 1898, lokacin yaƙin Omdurman a Sudan, wani likitan sojan Ingila, Manjo John Battersby, ya kafa na'urar a bakin kogin Nilu. Da yake babu wutar lantarki a wurin, sai aka haɗa janareta da keke mai mazauni biyu, sojoji suna tuƙawa cikin zafin rana don cajin batura. Matsalar wuta da zafi, wadda asibitocin karkara ke fama da ita, ta fara ne tun farkon zamanin na'urar a Afirka.

Halinsa Bayan Shahara

Da shahara ta zo, kamfanoni suka yi ta zuwa wurinsa suna neman ya yi rajistar mallakar abin da ya gano, su saya. Ya ƙi, bisa ra'ayin cewa abin da malamin jami'a ya gano haƙƙin jama'a ne. Saboda wannan ƙin ne kowane maƙeri a kowace ƙasa ya sami damar ƙera na'urar ba tare da biyan kowa ba, farashinta ya sauko, ta yaɗu cikin hanzari. Masarautar Bavaria ta ba shi lambar girma wadda ke ba mutum damar shiga sahun masu sarauta, ya karɓi lambar amma ya ƙi ƙara laƙabin sarautar a sunansa. Ran 10 ga Disamba, 1901, a birnin Stockholm, ya zama mutum na farko da aka ba Kyautar Nobel a fannin fiziks. Bai yi laccar da aka saba yi ba, kuɗin kyautar kuma ya yi wasiyyar a ba Jami'ar Wurzburg don bincike.

Maƙalu uku kacal ya rubuta a kan hasken, ta ƙarshe a 1897, daga nan ya koma kan bincikensa na duwatsu masu ƙyalli. A 1900 ya koma Jami'ar Munich. A can ne a 1912 Max von Laue, tare da Walter Friedrich da Paul Knipping, waɗanda dukansu biyu sun yi karatu a hannun Rontgen, suka tabbatar cewa hasken X ɗan'uwan hasken da ido ke gani ne, sai dai zangonsa gajere ne ƙwarai.

Shaharar ba ta zo masa da kwanciyar hankali ba. Lenard, wanda yake ganin aikinsa ne ya share hanya, ya riƙe shi da gaba har ƙarshen rayuwa, wasu kuma suka yaɗa jita-jitar cewa wani mataimaki ne ya fara ganin sheƙin. Wannan ya ƙara masa ƙyamar shiga jama'a. Haka kuma a 1914 ya sa hannu, tare da masana Jamus 92, a wata sanarwa mai kare matakin ƙasarsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin da masu tarihi ke lissafawa cikin raunin tarihinsa. Matarsa ta rasu a watan Oktoba na 1919 bayan doguwar jinya, ya yi ritaya a 1920, faɗuwar darajar kuɗin Jamus bayan yaƙi kuma ta cinye abin da ya tara. Ya rasu a Munich ran 10 ga Fabrairu, 1923, da ciwon dajin hanji, yana da shekara 77, aka kai shi Giessen kusa da iyayensa da matarsa. Bisa wasiyyarsa aka ƙone yawancin takardunsa.

Sana'ar da Ta Tsiro Daga Aikinsa

A shekarun farko duk wanda ya mallaki na'ura shi ke ɗaukar hoto, ko likita ne, ko mai ɗaukar hoton kasuwa, ko ma'aikacin lantarki. Ba a daɗe ba aka gane cewa hasken yana da dafi. Ma'aikata suka fara ganin fatar hannunsu tana ƙonewa, gashi yana zubewa, gyambo yana ƙin warkewa. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, an yanke masa hannuwa biyu kafin ya mutu a 1904. Hall-Edwards da aka ambata a baya ya rasa hannunsa na hagu a 1908. A 1936 aka kafa wani dutsen tunawa a harabar wani asibiti a birnin Hamburg, ɗauke da sunayen mutum 169 daga ƙasashe dabam-dabam waɗanda aikin ya yi ajalinsu. Shi Rontgen bai gamu da irin wannan ƙuna ba, kuma ana danganta hakan da cewa yawancin gwajinsa daga cikin wani akwatin tutiya mai shafin darma ya yi shi.

Wannan hasara ce ta tilasta a mai da aikin sana'a mai horo da ƙa'ida. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Marie Curie ta tanadi motoci 20 masu ɗauke da na'urar hoto a Faransa, ta kuma horar da mata kimanin 150 kan sarrafa ta. A 1920 aka kafa ƙungiyoyin masu ɗaukar hoton asibiti a Ingila da Amurka, a 1928 kuma aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa na kariya daga hasken. Na'urar kanta ta ci gaba da inganta: William Coolidge ya ƙera sabuwar kwalba mai sauƙin sarrafawa a 1913, Godfrey Hounsfield kuma ya haɗa hasken da kwamfuta, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyaci na farko da na'urar siti sikan a 1971.

A Nijeriya, dokar da ta kafa hukumar rajistar masu wannan sana'a ta fito a 1987. Ana karanta fannin a jami'o'i da dama, ciki har da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Mai neman shiga sai ya ci fiziks da kemistiri da bayoloji a sakandare, ya yi shekara 5 a jami'a, sannan ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti. Yana da kyau a bambanta ma'aikata biyu. Mai ɗaukar hoto shi ne yake daidaita majinyaci, ya auna ƙarfin hasken da ya dace da jikinsa, ya tambayi mace ko tana da juna biyu, ya rufe sassan da ba a bukata da rigar darma, shi kansa kuma ya rataya ɗan ma'aunin da ke lissafa hasken da ya taɓa shi. Likitan hoto kuwa cikakken likita ne da ya ƙware wajen fassara hoton. Aikin ya kuma haɗa da hoton ciki na sauti, wanda ake yi wa masu juna biyu, da hoton maganaɗisu, waɗanda duka biyun ba su amfani da hasken X.

Amfanin wannan ga mutanen fadamar Haɗeja ya wuce na karaya. Hoton ƙirji yana taimakawa wajen gano tarin fuka da ciwon huhu na yara. Tsargiya kuma, wadda ke addabar masunta da masu noman shinkafa saboda yawan shiga ruwa, in ta daɗe takan sa bangon mafitsara ya taurara har a gan shi a hoto. Amma majinyacin da ke ƙauyukan Kirikasamma sai ya yi tafiya kafin ya kai ga na'ura, da damina kuwa ambaliya kan yanke hanya. In ya isa, amfanin tafiyar tasa ya rataya ne a kan samun ƙwararren ma'aikaci, musamman wanda yake jin harshensa, wanda zai iya bayyana wa dattijuwa dalilin da ya sa za ta ja numfashi ta riƙe.

Kammalawa

An ga yadda yaron da aka kora daga makaranta ba da laifinsa ba ya zama mutum na farko da ya karɓi Kyautar Nobel a fiziks, da yadda ya tsaya ya binciki ɗan sheƙin da wasu suka gani suka wuce, da kuma yadda ya saki abin da ya gano ga duniya kyauta ya mutu ba shi da dukiya. An sa wa sinadari mai lamba 111 sunansa a 2004, kuma kowace shekara ran 8 ga Nuwamba masu wannan sana'a kan yi bikin tunawa da shi. Na'urar da ya bari takan warkar a hannun mai natsuwa, takan kuma cutar a hannun mai gaggawa, kamar yadda sunayen da ke kan dutsen Hamburg suka shaida. Ya rage ga makarantun ƙasar Haɗeja su ƙarfafa koyar da kimiyya, ga iyaye kuma su bar 'ya'yansu maza da mata su shiga wannan fanni, domin asibitocin yankin su sami ma'aikata daga cikin 'ya'yansu.